Yadda Ake Bin Salsalar Iyalin da Suka Bar Sikotilan
Jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai



An ba ni minti goma sha biyar in yi magana a kan yadda ake gano asalin iyalin da suka yi ƙaura daga ƙasar Sikotilan suka tsallaka teku. Maimakon in yi ta bayani a dunƙule, na ga ya fi kyau in ɗauki gida guda mu bi sawunsa tare. Gidan kuwa shi ne na Hugh Macdonald da matarsa Helen Shaw, waɗanda suka tashi daga birnin Gilasgo a 1820 suka sauka a garin Kingston na ƙasar Kanada, inda dangin matar suka riga su zama. Cinikin Hugh ne ya karye, shi ya sa suka tashi. Cikin 'ya'yan da suka tafi da su akwai wani yaro ɗan shekara biyar mai suna John, wanda a 1867 ya zama firayim minista na farko a Kanada.

To, a ce yau wani jikan jikansu yana son ya san inda tushensa yake. Daga ina zai fara? Yawanci mutum sai ya zabura ya nufi Sikotilan da sunan gidansu kawai, kuma a nan wahala ke somawa. Kalmar Mac a harshen Gelik ma'anarta ɗa, wato Macdonald kamar a ce ɗan Donald ne. Masu wannan suna ba su ƙirguwa, kuma da yawansu ba su haɗa jini da shugaban ƙabilar ba, zama a ƙasarsa ne ya sa suka ɗauki sunan. Rubutun sunan ma ba ɗaya ba ne, wani akawu ya sa Mac, wani ya sa Mc. A cikin wannan shekara ta 1867 wani John Macdonald ɗin dabam, wato John Sandfield Macdonald, ya zama firimiyan lardin Ontariyo. Suna ɗaya, ƙasa ɗaya, sana'a ɗaya, amma gida dabam. In manya biyu za su iya rikita mai bincike haka, ina ga manoma ɗari?

Saboda haka daga inda aka sauka ake farawa, a yi ta komawa baya, daga ɗa zuwa uba, daga uba zuwa kaka. Abin da ake farauta guda ne: sunan gundumar cocin da mutumin ya fito, domin a kan gunduma aka tsara tsofaffin littattafan Sikotilan. Ƙidayar jama'a ta Kanada ba ta cika taimakawa a nan ba, don a gurbin wurin haihuwa galibi Sikotilan kawai za ka gani. Takardun fasinjojin jiragen ruwa ma sun makara. Sai daga 1865 aka soma adana na masu sauka a tashar Kwibek a kai a kai, na masu fita daga Biritaniya kuwa sai daga 1890. Don haka sai a koma ga dutsen kabari, da sanarwar rasuwa a jarida, da wasiƙu, da abin da tsofaffi suka rubuta a bangon Baibul na gida. Mutanen Sikotilan suna da wata al'ada mai sauƙaƙa aiki: mace ba ta rasa sunan gidan ubanta a rubuce ko ta yi aure. Samun Macdonald da Shaw a takarda guda ya fi samun Macdonald goma.

In an tsallaka zuwa Sikotilan, shekarar da za a riƙe ita ce 1855, lokacin da gwamnati ta tilasta rajistar haihuwa da aure da mutuwa. A ganina, mu ma'aikatan gwamnati ya kamata mu sara wa wanda ya tsara waɗannan takardu. Takardar mutuwa tana ɗauke da sunan uban mamaci da na uwarsa, har da sunan gidansu uwar. Ka ga dattijon da ya rasu a 1860 yana da shekara tamanin zai kai ka ga iyayen da suka yi aure tun wajen 1780. To amma iyalin Hugh sun tafi shekara 35 kafin wannan doka, kuma shekara 21 kafin ƙidayar 1841, wadda ita ce ta farko da ta rubuta sunayen mutane gida gida. Dabarar a nan ita ce a nemi ɗan'uwa ko 'yar'uwar da ba su yi ƙaura ba, suka rasu a gida bayan 1855. Takardarsu ita za ta faɗi iyayen wanda ya tafi.

Kafin 1855 kuwa sai littattafan coci. Mafi tsufa a cikinsu na 1553 ne, amma a yankin tsaunuka na arewa akwai gundumomin da ba su fara rubutu ba sai can a ƙarshen ƙarni na 18 ko bayansa. Daga 1783 zuwa 1794 ma an ɗora harajin kwabo uku a kan kowane suna da aka shigar, talakawa da dama suka ƙi zuwa. Rashin ganin suna a littafi ba ya nuna ba a haifi mutum a wurin ba. Akan kuma lura da yadda suke raɗa suna, ɗan fari ya ci sunan kakansa na wajen uba, na biyu ya ci na wajen uwa. Wannan alama ce kawai, ba a kafa hujja da ita.

Ko an sami takarda, ba lallai ta daidaita da abin da gida ya riƙe ba. Rajistar da ke Edinbara ta ce an haifi John ran 10 ga Janairu, 1815. Shi da iyalinsa kuwa ran 11 suke bikin ranar haihuwarsa. Mai bincike na ƙwarai yakan rubuta duka biyun, ya faɗi inda ya samo kowace. Gilasgo ɗin ma zango ne. Asalin Hugh daga yankin Sutherland ne a can arewa, kuma a kusa da ƙauyen Rogart an tara duwatsu na tunawa a wurin da gidan kakannin John yake. Wanda ya tsaya a Gilasgo bai kai rabin hanya ba.

Yau ba sai an je Edinbara ba. Tun 2002 hukuma ta buɗe ScotlandsPeople a intanet, inda ake duba jerin sunaye, a biya kuɗi kaɗan a ga hoton takardar kanta. Ƙidaya kuwa sai ta cika shekara 100 ake sakinta, ta 1921 ta fito a 2022. Hugh da Helen da ɗansu John, wanda ya rasu a 1891, duk suna kwance a maƙabartar Cataraqui da ke Kingston, kuma daga nan jikan nasu ya kamata ya ɗauki alƙalami.

Shugaba, na ga ana ɗaga mini agogo.