Masassaƙi Da Tsohuwar Tantan

Ga jawabin da wani malamin gona ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a wani ƙauye kusa da Dutse.

Jama'a, tun kafin a kafa Jihar Jigawa a 1991 akwai tantan a ƙasar Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu. Wasu Massey Ferguson ne, wasu kuma Steyr waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Bauchi. Yau da yawansu sun tsufa, kayan gyaransu kuma sun yi tsada. Sai ka ga an jingine tantan mai lafiyayyen inji, ana kakkafe ƙananan abubuwanta ɗaya bayan ɗaya.

To, ba kowane abu ne sai an je Kano ba. Masassaƙin da ke yin turmi da ƙota da karkiyar shanu zai iya yin kan giya, da marikin sitiyari, da allon kujerar direba, da katakon tirela. Mai injin juya itace ya fi sauri, kuma yakan yi zanen ado a jiki. Amma mai gizago da magagari shi ma yana fitar da abin.

Zaɓen itace shi ne babban aiki. Ƙirya ta fi ƙarfi, sai marke. Darbejiya tana da sauƙin samu, gara kuma ba ta cika damunta ba. Kada a sassaƙa ɗanyen itace. A ajiye shi a inuwa har ya bushe sarai, in ba haka ba hunturu na zuwa zai tsage. A kai wa masassaƙi tsohon abin da ya karye domin ya auna. In ya gama, a shafe shi da man kaɗanya.

Sai dai a yi hattara. Itace ba ya maye gurbin ƙarfe a birki, ko kusa da salansa, ko a ƙusar da ke riƙe garma da tirela. Turken itace zai iya karyewa a gangara, tirela ta kwance da mutane a ciki. Wannan aikin maƙeri ne da bakanike.

Ƙirya kuma ta yi ƙaranci a dajinmu. Guntun da ya saura bayan an sassaƙa turmi ya isa kan giya biyu ko uku, ba sai an sare wata ba.