Jawabin Ma'ajiya: Adashinmu Ya Kai Yarinya Makarantar Jinya

 

Mu da sai da girma ya zo muka koyi rubuta sunanmu a ajin yaƙi da jahilci, bana kuɗin adashinmu ya kai yarinya makarantar koyon aikin jinya. Marainiya ce, 'yar maƙwabciyar rumfarmu da ta rasu wajen haihuwa, Allah ya jiƙanta.

Wallahi an sha fama. Sai da kiredit 5: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis, a zaman jarrabawa da bai wuce 2 ba. Lissafi ya kayar da ita, muka biya mata NECO ta sake. Daga nan sai JAMB, sai tantancewa. Masu nema kamar ranar kasuwa, gurabe kuwa 'yan kaɗan.

Wajen cike fom muka yi ta ja-in-ja: cikin Kano ko Madobi? Wasunmu suka ce birni, ta riƙa kwana a gida. Muka ɗauki biro muka buga kuɗin adaidaita safe da yamma, muka tuna wanke-wanken gidan kawunta da zai cinye mata lokacin bita. Sai muka zaɓi Madobi, ta zauna can ta rungumi littafinta.

To amma fa da sauran rina a kaba. Akwai jarrabawar watannin farko da ake tankaɗe ɗalibai, ga yunifom, ga abinci. Don Allah kada mu janye hannu. Muna roƙon kowace ta ƙara naira 200 a zubin mako. Wata rana, Yaya, ita ce za ta tsaya a kan 'yarki a asibiti.

Allah ya bar zumunci.