Daga Bakin Karofi Zuwa Ɗakin Gwaji



Ran da na shaida wa mahaifina cewa zan ƙare karatun Kemistiri a kan tsofaffin tufafi, sai ya yi shiru, can ya ce, "Wato bayan duk wahalar nan marini za ka zama?" Shi likita ya so in zama.

Abin da ya karkato ni shi ne wata rigar saƙi ta kakanmu. An ajiye ta a akwatin ƙarfe, damina ta shiga ta fita, da aka buɗe sai ga tsatsa da fumfuna sun cinye aikin wuyan. Ba wanda ya san yadda za a cece ta. A gabana aka zubar.

A jami'a na gane cewa marinan Ƙofar Mata a Kano sun daɗe suna aikin Kemistiri. Shuni ba ya narkewa a ruwa. Sai an jiƙa baba da toka a karofi ya kwana da kwanaki, sannan ya narke ya shiga zare. In aka tsamo zane yana fitowa kore-kore, iska ce ke mai da shi shuɗi. Bature bai fara sayar da shunin masana'anta ba sai 1897, a Jamus.

Aikinmu shi ne sanin abin da ke kashe kaya. Haske mai ƙarfi na kashe launi. Laima na kawo fumfuna, hunturu kuwa na busar da fata ta tsage. Tawadar da aka haɗa da bagaruwa da ƙarfe, sannu a hankali takan ci takardar da aka rubuta ta a kai. Muna kuma gano shekaru: a 1856 William Perkin ya haɗa rinin masana'anta na farko a Ingila, don haka zaren da muka samu da irinsa an rina shi bayan wannan shekara.

Ƙannena, ba zan yaudare ku ba: hanyar doguwa ce, digiri uku, kuma ba a yin kuɗi. Amma littattafan malamanmu da rigunan sarakunanmu suna nan a gidaje da wurare irin Gidan Makama, masu kula da su kaɗan ne. Abin da gara ta ci ba ya dawowa. Ku riƙe Kemistiri da kyau. In kun koma gida, ku buɗe akwatin kakanni, ku fitar da kayan daga leda, ku naɗe su da farin ƙyalle mai tsabta.

Allah Ya ɗaukaka makarantarmu.