Ɗan Aike a Cikin Shirin Kwamfuta



Jawabina ya shafi abin da masana ke kira furosija, wato wani yanki na shirin kwamfuta da aka ware, aka laƙaba masa suna, ana kiransa duk lokacin da aikinsa ya taso. Ku ɗauke shi tamkar ɗan aike. Saƙon da ake danƙa masa kuwa, shi ne faramita. Dabarar ta daɗe, domin David Wheeler da abokan aikinsa sun bayyana ta a littafinsu na 1951, daga aikin da suka yi da na'urar EDSAC a Jami'ar Kambirij.

Sharuɗɗa uku nake so mu riƙe.

Na farko, kowace furosija ta tsaya ga aiki ɗaya, gama taura biyu ba ta taunuwa. Wadda ke lissafa makin ɗalibi kada a ɗora mata buga sakamako, don in kuskure ya auku a san inda za a dosa.

Na biyu, a bambanta tsakanin miƙa kwafi da miƙa ainihin abu. A harshen Pascal, wanda Niklaus Wirth ya fito da shi a 1970, kwafi ake ba furosija, sai fa in an rubuta kalmar "var" gaban faramitar, sa'an nan take da ikon canja ainihin. Kada mu ba da wannan iko sai ya zama dole.

Na uku, a taƙaita faramita, kowace kuma a fayyace ma'anarta da ma'auninta. Rashin daidaita ma'auni ne ya sa hukumar NASA ta Amurka ta yi hasarar kumbon Mars Climate Orbiter a watan Satumba na 1999. Wani shiri ya riƙa ba da lissafin ƙarfin turi da ma'aunin fam, mai karɓa kuwa ya ɗauka da niyuton ne, alhali fam ɗaya ya kai niyuton 4.45. Kumbon ya kusanci duniyar Mars fiye da kima, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, kafin ku rubuta layin farko, ku rubuta abin da furosijarku za ta karɓa, da abin da za ta mayar, da abin da za ta canja. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.