Kafin Ka Kira Dillali: Jawabi Ga 'Yan Tafiya Masu Shirin Sayar Da Gida

 

Yau maganata a kan gida ce, gidan da ake kwana a ciki. Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, gidajen 'yan siyasa ne ke fara fita kasuwa. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin takarar gwamna a kan naira miliyan 50, na majalisar wakilai miliyan 10, PDP kuma ta sayar da na gwamna miliyan 21. Ga kuɗin fasta, ga na zirga-zirga. Wasunmu kuma ba takara ba ce, matsin rayuwa ne tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Ko mene ne dalilinka, ba zan ce kar ka sayar ba. Abin da nake roƙo, kar ka sayar a gaggauce. Da zarar mai saye ya shinshino cewa jibi za a rufe sayar da fom, wallahi farashin da ya ga dama zai taya maka. Sauri ya haifi nawa.

To, da me za a fara? Da takardu, tun kafin fenti. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ce filin da ke da takardar mallaka ta gwamnati ba a sauya masa mai shi sai da amincewar gwamna. Mai saye mai wayo zai je KANGIS a Kano, ko KADGIS a Kaduna, ya bincika fayil ɗinka. Ka riga shi zuwa. Ka biya harajin filin da ake bin ka, ka tabbatar sunan da ke takarda naka ne. Idan gidan gado ne, kar a fitar da shi sai an raba, ko duk magada sun sa hannu, har da mata da waɗanda ke nesa. Bashin wuta ma a biya, don ba mai son ya gaji rigima da KEDCO. Idan akwai 'yan haya, a ba su wa'adi cikin mutunci.

Sai gyara. Mai saye yakan yanke rabin hukuncinsa tun daga ƙofar gida. A yashe kwata, a kwashe bola, a gyara get ɗin da ke kuka. In ya shiga, sama zai fara kallo: tabon ruwa a silin yana nufin kwano na yoyo. A sauya kwanon, sannan a taɓa silin. A duba inda gishiri ya ci bango, a kankare, a sake filasta. A kwashe sokawe, a gyara famfo, banɗaki ya zama ba wari. A fitar da tarkacen da suka cika tsakar gida, tsofaffin tayoyi da karyayyun kujeru, domin fili ya fito. Fenti mai haske ya isa. Amma kar ka ci bashi ka zuba tayil mai tsada, wanda zai saya da nasa ra'ayin, wataƙila ma fasawa zai yi. Hoton da za ka ba dillali a ɗauka da rana, kuma ba tare da iyali a ciki ba.

Yanzu ga inda nake so mu tsaya da kyau. Gyara daban, rufa-rufa daban. Idan kana da kyau ka ƙara da wanka, wannan ba laifi. Amma ka shafe tsagar bango da fenti a lokacin rani, alhali ka san ruwa na shiga ɗaki da damina, wannan algus ne. Malamanmu na fiƙihu sun karantar da mu cewa wanda ya sayi kaya ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da damar mayarwa. Ka faɗa masa da bakinka, a rubuta a takardar ciniki, mai unguwa da shaidu su sa hannu. La'adar dillali ma a yanke ta tun farko.

Kuma ku tuna, mu 'yan siyasa ne. Wanda ka cuta a cinikin gida, shi da 'ya'yansa da surukansa duk masu ƙuri'a ne a mazaɓarka. Ranar da ka hau mumbari kana alƙawarin riƙon amana, ruwan sama na zuba a kan gadonsa, kana ganin zai yi shiru? Sunan tafiyar nan zai kira, ba naka kaɗai ba.

Abu na ƙarshe, 'yan uwa. Kafin ka karɓi kafin alƙalami, ka zauna da maiɗakinka, ku san inda yara za su koma. Takara ana ci, ana faɗuwa, amma ko ta yaya ta kaya, dare zai yi, iyali kuma sai sun kwanta.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya sa albarka a cinikinmu.