Abin da Ke Biyo Bayan Allurar Korona: Darasi Daga Iyakar Jibiya

Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna da malamai, ma'aikatan lafiya, 'yan uwa mahalarta.

Allurar rigakafin korona ta iso Nijeriya ranar 2 ga Maris, 2021, kusan guda miliyan 4 samfurin AstraZeneca, aka fara yi wa mutane a Abuja ranar 5 ga watan. Nijar ta fara tata a ƙarshen watan da Sinopharm da ƙasar Sin ta bayar. Daga baya Moderna, Pfizer da Johnson & Johnson suka biyo. A lokacin iyakar Jibiya a rufe take a hukumance tun Agustan 2019, sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta. Amma kowa a ɗakin nan ya san zumunci da fatauci tsakanin Jibiya, Ɗan Isa da Maraɗi ba su tsaya ba.

Me mutane suka ji a jikinsu? Galibi ciwo da kumburi a dantse, zazzaɓi, ciwon kai, kasala da ciwon gaɓoɓi, su wuce cikin kwana biyu ko uku. Alama ce garkuwar jiki ta kama aiki. Akwai kuma masu haɗari da ba kasafai ake ganinsu ba. A Afrilun 2021 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta danganta AstraZeneca da daskarewar jini. An ga kumburin tsokar zuciya a wasu samari bayan Pfizer da Moderna, musamman a allura ta biyu. Wani kuwa nan take jikinsa ke yin borin da zai toshe masa numfashi, shi ya sa ake zaunar da mutum mintuna 15 zuwa 30 kafin a sallame shi.

To, a nan ne matsalar bakin iyaka take. Ɗauki direban da aka yi wa allura da safe a Magamar Jibiya. Fasinja na jira, ba zai zauna ba. Ya cusa katin allurar a aljihu, ya tada mota. Cikin dare a Maraɗi sanyi ya rufe shi, ya lulluɓa da bargo yana karkarwa. Da safe ya je kemis, a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro ba gwaji. Idan ya dawo tasha abin da zai ce shi ne, "Allurar nan ce ta kayar da ni." Ma'aikaciyar da ta yi masa ba za ta ji ba, amma tasha gaba ɗaya ta ji. Hukumar NAFDAC ta tanadi manhajar waya ta kai rahoto, sai dai direban nan ba da shi aka tsara ta ba.

Ni a ganina, babban kuskure shi ne a ce wa mutum "ba abin da za ka ji." Mutanen da ke tuna gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara 200 a Kano a 1996, da ƙaurace wa allurar shan-inna a 2003, ba su cancanci a ɓoye musu komai ba. Wanda aka faɗa wa zai yi zazzaɓin kwana biyu, in ya zo sai ya sha farasitamol ya kwanta. Wanda aka ɓoye wa, ji-ta-ji-ta ce za ta yi masa bayani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayu, 2023, amma allurar sanƙarau, ƙyanda da shan-inna na nan. Roƙona ga hukumomin lafiya na Jihar Katsina da na Maraɗi: a riƙa musayar rahoto tsakanin asibitocin ɓangarorin biyu, a rubuta lambar wayar da za a kira a bayan kowane kati, a kuma koya wa masu kemis tambayar mai zazzaɓi ko an yi masa allura kwanan nan. Kafin a tsira wa mutum allura, a gaya masa da Hausa cewa ciwon kai mai tsanani da ya ƙi sauka, kumburin ƙafa, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi na asibiti ne, ko a wane ɓangaren iyaka suka same shi.