Jarumai Biyar na Japan a Kasuwar Murshid

Falken Kano ko na Maradi da ya shiga kasuwar Murshid, a unguwar Deira ta birnin Dubai, yana iya cin karo da waɗansu 'yan mutum-mutumin roba cikin kayan wasan yara: jarumai biyar, kowane da launin rigarsa, fuskarsa rufe da kwalkwali. Asalinsu wasan talabijin ne na ƙasar Japan.

A shekarar 1975 kamfanin Toei ya fito da Gorenger, wanda Shotaro Ishinomori ya ƙago. Mutane ne ke yin wasan da jikinsu, ba zane ba ne. Darasinsa shi ne hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, domin ba a ka da abokin gaba sai su biyar sun haɗa ƙarfi. A 1993 Haim Saban ya ɗauki faɗace-faɗacen shirin Zyuranger na 1992, ya haɗa da 'yan wasan Amurka, ya raɗa masa suna Power Rangers. Da wannan suna ya game duniya.

Amma fa akwai ciniki a bayan labarin. An riƙa sauya jarumai da makamansu kusan kowace shekara, kamfanin Bandai kuwa yana samun sabon abin sayarwa. Saboda haka falken da ya saro na bara yana iya tarar da yara sun juya musu baya, jarinsa ya kwanta. Mai hikima yakan fara binciken wane shiri yaran garinsu ke kallo kafin ya kwance lalitarsa.